Wagunun Mamirbek, Mijin Ƙanwata

Mamirbek mijin ƙanwata Satkin ne, kuma bari in faɗa tun yanzu kada wani ya ce na ɓoye: ban taɓa ƙaunarsa ba. Bai zage ni ba, bai ci mini komai ba, bai taɓa ɗaga wa Satkin murya ba. Da ma ya yi ɗaya daga ciki, da na sami abin kamawa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, maganarsa ƙasa-ƙasa, in ka tambaye shi abu sai ya fara duba tafin hannunsa kafin ya amsa. Yanzu a kwarinmu da kwarin da ke bayansa akwai wagunu, wato ɗakunan hunturu na makiyaya, goma sha ɗaya da suka bi ta hannunsa, har mutanen birnin Narin suna aiko masa. Ni nawa ba ya cikin lissafin.

Ba ɗan yankinmu na At-Bashi ba ne. Daga can ƙasa ya fito, wajen masu noman albasa da dankali. Uwarsa ta rasu yana ƙarami, ubansa ya tafi Rasha neman aiki bai ƙara waiwayowa ba, goggonsa ta rene shi. Yana da shekara goma sha bakwai ya shiga babban birni Bishkek ya kama aiki a ɗakin sanyi na wasu mahauta, inda ake rataye nama. Ya fara da ɗaukar cinyar sa a kafaɗa, ya ƙare shi ne mai gyaran bango da ƙofa in sanyin ɗakin ya soma zurarewa. A can Satkin ta same shi lokacin da take ɗinki a birni. Ranar da ya zo neman aure aka kawo masa doki don girmamawa, bawan Allah ya zagaya ya hau ta hannun dama maimakon hagu. Har yau ana ba da labarin a ƙauyenmu, kuma ni na fi kowa ba da shi.

Da aka rufe ɗakin sanyin sai ga su sun dawo mana da 'ya'ya mata biyu da keken ɗinki. Ba shi da ko tunkiya ɗaya. Ya karɓi kiwon tumakin mutanen ƙauye, ana biyansa a kan kowane kai. Shekara uku yana bina kiwon bazara, ni na koya masa yadda ake gane tunkiyar da ta kusa haihuwa, ni na koya masa ɗaure sirdi. A lokacin ina ɗan jin daɗinsa, don kullum a bayana yake.

A shekara ta huɗu ya ce zai bi mu hunturu. Mu masu garke babba ba ma zama a ƙauye, ciyawar da muka yanka ba ta kai mu ko rabi. Kwarin Kashka muke tafiya, inda iska ke share dusar ƙanƙara daga gangare tumaki su sami busasshiyar ciyawa. A watan Oktoba tarakta ke ja wa kowa wagununsa, ɗakin ƙarfen nan mai taya, ta ajiye shi can, ba ta dawowa sai Afrilu. Nawa gado ne tun zamanin gonar gwamnati, kore, tayoyinsa huɗu lafiya lau. Sanyi kam akwai, amma wane wagunu ne babu sanyi? Ka cika murhu da busasshen kashin tumaki, ka kwanta da hula, da safe ka fasa ƙanƙarar bokiti da gatari. Haka muka taso muka gani.

Shi kuwa ya je ya sayo wani kwarababben wagunu da masu aikin hanya suka yar, da kuɗin rago biyu. Taya ɗaya babu, ƙasansa duk huda, kaji ne ke kwana a ciki.

Gashin tumakinmu kaushi gare shi, tun da masu saye suka daina zuwa babu abin da ake yi da shi. In an yi aski a watan Yuni sai a loda shi a kai ramin bayan ƙauye, wasu su cinna masa wuta. Wannan shekarar sai aka ga Mamirbek a cikin ramin da buhu. Sati biyu yana kwasa, yana kaiwa rafi, yana wankewa, yana shanyawa a kan duwatsu. Na tarar da Ishen maƙwabcinmu a bakin rafin, ya dogara da sandarsa yana kallo. Ishen bakinsa ba ya raga wa kowa.

"Kai, Temirkul," ya ce da ni, "ashe gidanku an sami mai yi wa bola wanka? Ka gaya masa akwai tsohon takalmina a ramin, in ya gama ya haɗa da shi."

Kunya ta kama ni. Na gangara wurinsa na ce, "Me za ka yi da wannan ƙazanta?"

Ya duba hannunsa. "Bango, Yaya."

"Bangon me?"

"Na wagunu. A ɗakin sanyi aikina in hana zafi shigowa. A nan kuma in hana shi fita. Ai duk ɗaya ne."

Ishen ya yi ta dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce to a kula, kada a wayi gari a tarar an rataye Satkin da ƙugiya.

Ban tsaya kallon aikinsa ba. Sai dai hanyar rafi ta ƙofar gidansa ta bi, kuma a wannan watan dokina ya sha ruwa fiye da kullum. Na ga ya kankare tsatsa ya shafa fenti. Na ga ya jera sirarun katako daga ciki, ya bar tsakaninsu da ƙarfe kamar faɗin yatsa biyu, babu komai a wurin. Sannan ya cusa gashin, bai danna shi da ƙarfi ba, ya rufe da leda, ya bi da falanki. Ya ƙara wa taga gilashi na biyu. Abin da ya fi ba ni dariya, bayan duk wannan wahala sai ya huda bango wuri biyu, ɗaya kusa da rufi, ɗaya kusa da ƙasa. Da muka isa Kashka kuma ya kewaye ƙarƙashin wagunun da tubalin kashin tumaki har tayoyi suka ɓace, wai kada iska ta bi ta ƙasa.

Tsakanin wagununa da nasa taku ɗari biyar ne. Kafin Disamba ta ƙare an yi hanya a cikin dusar ƙanƙara zuwa ƙofarsa, kuma ba ni na yi ta ba. Ishen da ya yi masa dariya shi ne na farko. Likitan dabbobi, wanda shekara goma in ya zo kwarin a wurina yake sauka, ya koma ɗaure dokinsa can. Rannan na ga matata Kalicha ta fito da kwano a lulluɓe cikin zane.

"Ina za ki da kwano?"

"Wajen Satkin. Burodi ba ya tashi a nan, Baban Nurzat. Kwana uku ke nan muna tauna dutse."

"Uwata shekara talatin tana burodi a wagunun nan."

"To ita Allah ya ba ta hannu. Ni ɗaki mai ɗumi kawai nake nema."

Sau ɗaya na shiga a hunturun nan. Na tarar da maza uku zaune da 'yar riga ɗaya ɗaya, ƙaramar 'yarsa tana yawo ba takalmi, ga albasa ta tsiro a cikin kwalba a bakin taga, kore shar, a tsakiyar Janairu. Buhu ɗaya na kashin tumaki yake ƙonawa inda nake ƙona uku. Aka ba ni shayi, Ishen yana ta tambayarsa faɗin katako, shi kuma yana amsawa kamar ba wani abu ya yi ba. Na ce iskar ɗakin ta yi nauyi, kaina yana ciwo, na fita. Ba kaina ke ciwo ba. Hassada ce, na san sunanta tun a lokacin.

Da bazara Inna ta rasu. Baba, mai shekara saba'in da takwas, wanda ya daina hawa dutse tun shekara tara da suka wuce, ya ce ba zai yi hunturu a gidan da babu ita ba. Zai bi tumaki. Muka yi lallashi, ya ce in mun ƙi ɗaukarsa zai bi sawun tarakta da ƙafa.

Ni kaɗai ne ɗansa namiji. A wurinmu uba a ɗakin ɗansa yake zama. Tsoho ya koma ɗakin mijin 'yarsa alhali ɗansa yana raye, wannan magana ce da za a riƙa yi a wajen biki da wajen makoki har jikokina su ji. Don haka ban ma ɗauka akwai abin tattaunawa ba. Sai wata rana a watan Agusta muna dawowa daga masallaci Baba ya ratse ya shiga gidan Satkin, ya ce a buɗe masa wagunun nan da ake ta magana. Ya shiga ya ƙwanƙwasa bango da sandarsa. Ya sa yatsa a ramin sama. Ya tambayi dalilin leda, ya tambayi dalilin wurin da aka bari babu komai. Sa'a guda cur ina tsaye a waje ina jin muryarsa. Shekarata hamsin da ɗaya, ban taɓa jin Baba ya tambaye ni yadda ake yin wani abu ba.

Muka kama hanyar gida har muka kai ƙofa. Ya ce, "Yaron nan yana da kai." Ya shige.

Washegari na buɗe ɗakin ajiya na fito da kiyiz ɗin Inna, wato shimfiɗun dannannen gashi. Guda takwas ne, farare, masu kauri kamar tafin hannu, na gashin tumakin da ake da su a da, wanda ita da ƙannenta suka naɗe suka danne da hannunsu don ɗakin aurenta. Kowanne ta bi bakinsa da jan zare. Babu irinsu a ƙauyen, masu sayar wa baƙi kayan gargajiya sun sha zuwa tayi tana korarsu. Na ce a raina, shi ya yi bango da shara, ni zan yi da abin da ya fi kowane tsada a At-Bashi, kuma Baba zai kwanta cikin aikin hannun matarsa.

Kalicha ta ce, "Ka tambayi Baba?"

"Don shi nake yi."

"To ka tambayi mijin Satkin yadda ake sawa."

Kallon da na yi mata ya ishe ta, ta koma wajen tukunyarta.

Na ɓamɓare tsohon falankin cikin wagunun, na shimfiɗa kiyiz a jikin ƙarfen, bango da rufi, na danne da katako, na ɗaure da noti tam. Ina cikin yi sai ga Mamirbek a bakin ƙofa, da zarto a hannu, wai ya zo taimako. Ya tsaya yana kallo, ya duba hannunsa.

"Yaya, kiyiz ɗin ya taɓa ƙarfe."

"Ina da ido."

"Ƙarfe gumi yake yi in ciki da zafi waje da sanyi. Numfashi, tururin buta, duk can za su taru. In babu inda za su bi..."

"A ɗakin kiyiz na gargajiya aka haife ni, a ciki aka haifi ubana. Kai ne za ka koya mini kiyiz? Kai da ka hau doki ta dama?"

Bai yi fushi ba, abin da ke ƙara ƙona mini rai ke nan. Ya ce, "Gaskiya ne, Yaya. Amma wancan ɗakin samansa a buɗe yake, kuma babu ƙarfe a bayansa. Ko ramin can na sama ka bar shi."

Akwai wani ɗan rami da masu ƙera wagunun suka bari kusa da rufi. Na ɗauki tsumma a gabansa, na hau benci, na toshe shi, na daddanna da ƙotar guduma. Ya ce a gaida Baba, ya tafi da zartonsa.

Sati ukun farko a Kashka ba zan manta da daɗinsu ba. Wagununa ya yi ɗumi irin wanda bai taɓa yi ba. Baba ya cire hula yana shafa bango. Burodin Kalicha ya tashi har ya ture murfi. Ishen ya shigo ya ce, "Kai, wannan ai fada ce, wancan ɗakin nama ne." Na yanka tunkiya na gayyaci Mamirbek musamman, na sa aka cika murhu, buta biyu suna tafasa, don kawai in ga gumi a goshinsa. Ya ci nama, ya yaba, amma na lura idonsa yana kan tagar da ruwa ke gangarowa. Na ce a raina baƙin ciki ne.

Sanyin gaske ya sauko a ƙarshen Disamba, irin wanda tsuntsu ba ya fitowa. Abin da na fara gani kawunan notin ne, kowanne ya yi fari da ƙanƙara kamar an shafa masa gishiri. Sai wari ya biyo baya, warin tunkiyar da ruwa ya daka. Kalicha ta wanke komai, warin yana nan. Wata safiya katifar Baba ta manne da bango, sai da muka ja ta mu biyu. Na ƙara wuta. Duk yadda na ƙara, ɗakin zafi yake yi a fuska, amma tufafi ba sa bushewa, bargo kullum da danshi. Sannan Baba ya fara tari.

Satkin ta zo da romo, ta ji tarin, ta shaƙi iskar ɗakin, ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ka zo wajenmu ko na sati biyu. In ka ji sauƙi sai ka dawo."

"Ina da ɗa," ya ce.

"Ai ba a ce ba ka da shi ba. Yaya, ka sa baki mana."

"Ke, tashi ki koma ɗakin mijinki," in ji Baba. "Ba za a gan ni a shimfiɗar suruki ba Temirkul yana numfashi."

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. Na ji tarin nan sarai, na san daga ƙirji yake fitowa, amma maganar ta yi mini daɗi fiye da yadda tarin ya dame ni. Ranar ina bin tumaki ina waƙa.

A tsakiyar Janairu aka yi kwana biyu na rana mai kyau, sanyi ya sassauta, ƙarfen ya ɗauki zafi daga waje. Na dawo shan shayin azahar na tarar da Kalicha tsaye da tsumma, baƙin ruwa yana fitowa daga gindin bango yana bin ƙasa. Ba ta jira izinina ba, ta kwance katako ɗaya a wajen kan gadon Baba ta ja bakin kiyiz. Ya taho a hannunta kamar jiƙaƙƙen burodi. Fuskar da muke gani fara ce, amma bayan baƙi ƙirin, ga fumfuna, ga tsatsa ta ci shi, ga ƙanƙara tana narkewa. Na kwance na biyu, na kwance na uku. Duk haka suke.

Baba ya miƙo hannu, Kalicha ta ba shi guntun da ya rage mata, wanda jan zaren ke jikinsa. Ya juya shi, ya sake juyawa.

"Shekarar da aka sa mana rana ta yi wannan," ya ce. "Hannunta duk ya farfashe."

Ya sa shi a aljihun rigar fatarsa. Bai yi mini faɗa ba. Na so ya zage ni, na so ya ɗaga sanda, amma sai ya ce a zuba masa shayi.

Gyara ba zai yiwu ba a tsakiyar hunturu. In na cire kiyiz, ƙarfe tsirara zai rage, in na bar shi, ruɓa ce muke shaƙa. Hanyar ƙauye kuma dusar ƙanƙara ta rufe ta, doki kaɗai ke wucewa, tafiyar wuni guda, tsoho mai tari ba zai iya ba. Kashegari da safe ina zuba wa tumaki gishiri sai ga Mamirbek. Ya taya ni ɗaukar buhu ba tare da na ce ba, sannan ya yi magana yana kallon garke.

"Yaya, mu yi musanya. Ku koma namu, mu dawo naku. Zan huda ramin, in riƙa shanya abin da zai shanyu. Baba yana ɗakin ɗansa ke nan, babu mai cewa komai."

Wannan ita ce mafita, kuma na san ita ce. Ta tsare lafiyar Baba, ta tsare mutuncina, shi ne kawai zai kwana cikin wari. Amma na hango kaina wata uku ina kwance ina kallon falankinsa, ina jin ɗumin sharar da ya kwaso, kowa a kwarin ya san wanda ya rufa mini asiri. Na ji kamar in shaƙe shi saboda kirkinsa.

"Ka sa yarinya 'yar shekara biyar a wannan laima?" na ce. "Wane irin uba ne kai?"

"Zan kai ta wajen su Ishen."

"Na ce a'a. Ban nemi sadakar ɗaki ba."

Yarinyar hujja ce kawai na samu. Shi ma ya sani, amma bai ce ba.

Bayan kwana biyu likitan dabbobi ya biyo ta kwarin. Kalicha ta tare shi ta jawo shi ciki, ya ɗora abin sauraronsa a bayan Baba, ya daɗe yana ji. Da muka fito ya ce, "Temirkul, ni na dabbobi ne. Amma da tunkiya ce ke wannan tari a ɗaki mai laima, da na ce a fitar da ita yau, ba gobe ba."

Musanyar tana nan, kalma ɗaya ce zan faɗa. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon hayaƙin wagununsa, na kasa. Na shiga na fara naɗe katifar Baba.

"Me kake yi?"

"Za ka ɗan zauna wajen Satkin, Baba. Har ka warke."

"Korata kake yi?"

"Ba kora ba ce."

"To mece ce? Na yi ƙorafi? Na ce maka ina jin sanyi?"

"A'a, Baba."

"Na zauna cikin ruwan nan wata guda don kada a yi da kai. Yanzu kai da hannunka?"

Na ɗaure katifa da bargo da butar alwalarsa a kan doki. Na kawo masa dokin don ya hau, sai ya ture hannuna, ya ɗauki sandarsa ya kama hanya da ƙafa. Rana tsaka ce, kwarin fes, ana hango komai. Sau uku ya tsaya yin tari, ni ina biye da doki a baya. Ishen da likitan suna tsaye a bakin garke. Na jira Ishen ya jefo maganarsa in sami wanda zan huce a kansa, amma sai ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar da ba ta lalace ba.

Satkin ta fito da gudu ta riƙe Baba. Mamirbek ya karɓi katifar daga hannuna bai kalli fuskata ba. Na so in juya daga nan, Satkin ta ce haba Yaya, ka shigo ko shayi ka sha. Ɗakin bushe yake ƙarau, babu warin komai sai na burodi. Baba ya tsaya a tsakiya yana maida numfashi, sannan ya kwance rigar fatarsa, wadda rabona da ganin ya cire ta tun Disamba, ya miƙa wa Mamirbek ya rataye.

Aka yi shimfiɗar abinci. Duk inda Baba yake, wurina sananne ne: kusa da ƙofa, inda ɗan gida ke zama ya miƙa kwano, ya tashi in an yi sallama. Can ƙurya, nesa da ƙofa, inda aka ninka katifa mai kyau, wurin baƙo ne. Na nufi bakin ƙofa kamar kullum, har na fara lanƙwasa gwiwa.

"Temirkul," in ji Baba, ba tare da ya dube ni ba, "wuce ciki. Nan wurin ɗan gida ne." Ya juya ga Mamirbek. "Ɗana, zuba wa baƙonmu ruwa ya wanke hannu."

Mamirbek ya tsaya riƙe da buta, fuskarsa ta yi ja, yana kallon Satkin. Baba ya ce, "Ba ka ji ba ne?"

Na tsallake shimfiɗar na hau katifar na zauna. Ya zo ya durƙusa a gabana da buta da kwano, ni kuma na miƙa hannuwana.